Daga Akwatin Katako Zuwa Kyamarar Dijital: Tarihin Ɗaukar Hoto a Ƙasar Guci

Guci gari ne kuma mazaunin ƙaramar hukumar karkara a kudancin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kuma ya kasance ƙarƙashin gundumar Magarya har zuwa shekarar 2011, lokacin da aka yanki gundumar Dungas aka haɗa mata Guci da Malawa da Dogo-Dogo. Gundumomin nan biyu suna kan iyaka da jihohin Katsina da Jigawa na Nijeriya, abin da ya sa Kano ta fi kusa da mutanensu a kan Yamai, wadda ke da nisan kusan kilomita 900 daga birnin Damagaram, don haka kayan zamani da yawa, tun daga keke da rediyo har zuwa wayar hannu, ta kudu suka saba shigowa wannan yanki. Tarihin sana'ar hoto a nan ya ginu ne a kan tazarar da ke tsakanin wurin da ake ɗaukar hoto da wurin da ake wanke shi, wato fito da shi a kan takarda, domin wannan tazara ita ce ta riƙa yanke hukunci a kan wanda zai iya riƙe kyamara, da irin wadda zai saya, da kuma inda hoton zai ƙare. Saurayin da yake son sayen kyamarar dijital a yau don sha'awa, ba don neman abinci ba, ya gaji wannan tambaya ko ya sani ko bai sani ba.

An bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya a Faransa cikin shekarar 1839, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare 'yan Afirka na gaɓar teku sun riga sun mayar da ita sana'a, irin su iyalin Lutterodt a Akara, da Jonathan Adagogo Green a Bonny, da George da Costa wanda ya buɗe shagonsa a Legas a 1895. Ƙasar Damagaram kuwa a hannun soja ta fara ganin kyamara. Ayarin Foureau da Lamy, wanda ya ratso Sahara daga Aljeriya, ya iso Damagaram a watan Nuwamba na 1899, 'yan watanni bayan Faransawa sun ci birnin da yaƙi an kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga, kuma littattafan da aka buga game da tafiyar suna ɗauke da hotunan wuraren da ayarin ya ratsa. Henri Gaden, hafsan da ya zauna a Damagaram a farkon shekarun 1900, mai ɗaukar hoto ne na gaske wanda ya bar tarin hotuna, haka kuma ayarin Tilho, wanda ya yi aikin shata iyaka tare da Ingilishi tun daga 1906, ya bi ta kudancin wannan yanki yana awo yana rubuta tarihin sarautu. Abin da ya haɗa hotunan wannan zamani shi ne cewa ba don mutanen da ke cikinsu aka ɗauke su ba. An tsayar da manomi da maƙeri da mai daka a gaban gilashin kyamara a matsayin misalin wata ƙabila ko wata sana'a, sau da yawa ba tare da rubuta sunayensu ba, sannan aka tafi da hotunan Turai, inda suke ajiye a taskokin tarihi har yau, jikokin waɗanda aka ɗauka kuwa ba su taɓa sa su a ido ba. Wannan rashi ne na gaske, kuma shi ne mafi tsawon tazarar da aka taɓa samu tsakanin ɗauka da wanki a tarihin yankin.

Sana'ar kanta daga kudu ta hauro. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka kafa Sabon Gari, baƙi daga Legas da ƙasar Yarbawa da Gwalkwas suka zo da sana'o'insu, cikinsu har da ɗinki da gyaran agogo da ɗaukar hoto, kuma daga irin waɗannan unguwanni ne masu hoto suka riƙa bazuwa zuwa ƙananan garuruwa suna bin inda kuɗi yake. Masaniyar tarihi Érika Nimis ta nuna a littafinta na 2005 yadda Yarbawa suka riƙe wannan sana'a a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke magana da Faransanci, har da Nijar, ta hanyar koyar da yaran gida waɗanda su ma in sun ƙware sukan tashi su buɗe nasu shago a wani gari. Sanannen mai hoton Yamai na shekarun 1960 da 1970, Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, shi ma daga kudu ya zo, domin a Kwatano aka haife shi a 1940. Kuɗin da ya ja hankalin masu hoto zuwa kudancin Damagaram na gyaɗa ne, domin Magarya da Matamaye suna cikin manyan wuraren noman gyaɗa a Nijar, musamman a shekarun da suka biyo bayan kafa kamfanin cinikin gyaɗa na SONARA a 1962, kuma da kaka, in an sayar da amfani, lokacin ne ake ɗaura aure, a ɗinka sabuwar riga, a kuma so a adana kamannin ranar.

Kayan aikin da ya fi dacewa da karkara a wancan lokaci shi ne akwatin katako mai ƙafa uku, wanda kafinta zai iya ƙerawa in an samo masa gilashin da za a dasa a gaba, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau domin hikimar da ke cikinsa. Akwatin kyamara ne kuma ɗakin duhu ne a lokaci guda. A cikinsa akwai ƙananan tasoshi biyu, ɗaya na ruwan maganin da ke fito da sura, ɗaya na wanda ke tsayar da ita don kada haske ya ɓata ta, sannan a jikinsa akwai kafa da aka ɗinka wa hannun baƙar riga, ta inda mai hoto ke zura hannunsa ya yi aiki ba tare da haske ya shiga ba. Yakan zaunar da mutum a kan benci a gaban labule, a inuwa mai haske, ya gyara masa hula da wuyan riga, ya gargaɗe shi kada ya motsa, sannan ya cire murfin gilashin ya ƙirga a zuci ya mayar. Abin da ke fara fitowa shi ne nagetif na takarda, wato sura a juye wadda fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, sai ya manna ta tana jiƙe a kan wani ɗan allo da ke gaban gilashin ya sake ɗaukarta, ta haka sura ta gaskiya ke fitowa, a ɗauraye ta a bokiti, a yanke gefenta da almakashi, a miƙa wa mai ita kafin ya gama cinikinsa a kasuwa. Wannan akwati ba ya buƙatar lantarki ko batir, ƙura ba ta kashe shi, kuma ya soke tazarar da ke tsakanin ɗauka da wanki gaba ɗaya, shi ya sa ya daɗe yana aiki a bakin kasuwanni da ƙofofin ofisoshi bayan an manta da shi a Turai.

Buƙatar hukuma ce ta fara tilasta wa talaka zama a gaban gilashi, domin katin shaidar ɗan ƙasa, da fasfon aikin Hajji, da takardar shiga jarrabawa, da lasin tuƙi, duk ba su yiwuwa sai da hoto. Wannan ma ya taimaka wajen sassauta muhawarar malamai, waɗanda suka sha bamban a kan ko hoton kyamara ya shiga cikin hanin da aka yi game da sura, inda hatta waɗanda suka tsananta suka yarda da shi bisa larura, yayin da mabiya ɗariƙar Tijjaniyya suka riƙa rataye hoton Shehu Ibrahim Inyass a ɗakuna da shaguna da motoci. Daga hoton larura aka wuce zuwa hoton sha'awa, wanda shagunan birni suka riƙa ɗauka da kyamarori irin su Rolleiflex da Yashica masu gilashi biyu, waɗanda fim ɗinsu ke ɗaukar hoto 12 kacal. A irin wannan hoto mutum yakan zaɓi yadda yake son a gan shi: saurayi ya karkato hannu don agogo ya fito, ya aje rediyo a cinya, 'yan mata su yi anko su jeru da lalle a hannu, alhaji ya tsaya da kayan da ya dawo da su daga Makka. Ɗan cirani da ya tafi Kano ko Legas da rani yakan aiko wa gida da hoto don a ga yana lafiya, tunda gani ya kori ji.

Zuwan hoto mai launi a shekarun 1980 ya sake buɗe tazarar da akwatin katako ya rufe. Hanyar wanke fim mai launi da ake kira C-41, wadda kamfanin Kodak ya fito da ita a 1972, tana buƙatar ruwan magani ya tsaya a kan zafin da ya kai kusan digiri 38 ba ragi ba ƙari, abin da ba ya yiwuwa a bokiti, sai a babban inji mai cin lantarki da jari, irin wanda sai manyan birane ke da shi. Sakamakon haka gwanintar ɗakin duhu ta rasa kasuwa, kuma duk wanda ya mallaki ƙaramar kyamara mai fim na milimita 35, wanda ke ɗaukar hoto 24 ko 36, ya iya zama mai hoto, ya rataya jaka ya bi bukukuwa da sunaye da filayen idi. A nan ne 'yan ƙasa suka shigo sana'ar da yawa. Sai dai mai hoton karkara ba ya aika fim wanki sai ya cika, in ya cika kuma sai ya ba direba ko ya tafi da kansa birni, don haka amarya takan jira makonni kafin ta ga hoton bikinta, wani lokaci kuma labarin da za a kawo shi ne fim ya ƙone. Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga Turai, har da fim da takarda da magani. Akwai kuma wata illa da ba a cika ambata ba, wato cewa kamfanonin fim sun daɗe suna auna launi da fatar Turawa, ta hanyar wani katin gwaji mai hoton farar mace da Kodak ke raba wa masu wanki, shi ya sa fuskar baƙin mutum sanye da farar shadda takan fito a dushe, rigar ta yi ƙyalli, kamannin mai ita su ɓace.

Kyamarar dijital ta maye gurbin fim da wani ɗan faranti mai jin haske da ake kira sensa, wanda ke juya haske zuwa lambobi a adana su a katin memori. Injiniya Steven Sasson na Kodak ne ya haɗa ta farko a 1975, mai nauyin kilo 3.6, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto guda marar launi a kan kaset, amma sai a 1995 Casio QV-10 ta zo da allon da ke nuna hoto nan take, kuma a 2003 Canon EOS 300D ta sauko da farashin kyamara mai canjin gilashi ƙasa da dalar Amurka 1,000. Daga nan masana'antar fim ta rushe cikin sauri, inda AgfaPhoto ta karye a 2005, Konica Minolta ta bar harkar kyamara da fim a 2006, Kodak kanta ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a watan Janairu na 2012. Ga mai hoton karkara, abin da ya fi kyamarar kanta muhimmanci shi ne ƙaramar firinta, irin Canon Selphy da aka fara sayarwa a 2004, domin da ita da ɗan janareta ko farantin sola wanki ya dawo gari, aka koma ɗauka a ba ka nan take kamar zamanin akwatin katako.

Wanda ya san wannan tarihi zai shiga kasuwa da idon da ya bambanta da na mai bin rubutun kwali. Lambar da 'yan kasuwa suka fi ɗagawa ita ce megafiksel, wato yawan ɗigon da suka haɗu suka yi hoto, miliyan guda a kowane megafiksel, alhali hoton takarda na yau da kullum mai santimita 10 da 15 ba ya buƙatar abin da ya wuce megafiksel 2 da ɗan ɗoriya kafin ya fito tas, don haka kyamara mai 12 ko 16 ta ishi mai sha'awa har ya yi kyauta. Girman sensa ne ya fi cancantar tambaya. Ƙananan kyamarorin aljihu da yawa suna da sensa mai kimanin milimita 6 da 4.5, yayin da irin wadda ake kira APS-C ta kai kimanin 23 da 15, wato faɗinta ya ninka na farko fiye da sau 12, kuma wannan bambanci shi ke bayyana a ɗakin amarya marar taga, ko bayan magariba, ko a lokacin da ake son farar riga da baƙar fuska su fito tare kowanne da haƙƙinsa. Haka nan zuƙowa iri biyu ce, ta gilashi wadda ke janyo nesa kusa da gaske, da ta dijital wadda yanke hoto kawai take yi ta kumbura shi, kuma ta biyun ba ta cancanci a ƙara ko dala a kanta ba.

Sauran sharuɗɗan ƙasa ce ke gindaya su. A garin da wuta ba ta tabbata ba, batir na biyu ya fi kowane ƙarin ado amfani, kuma wannan ne ya sa kyamarori masu cin ƙananan batura na yau da kullum, irin jerin Canon PowerShot A da Nikon Coolpix L, suka dace da karkara, tunda ana samun batirinsu a teburin mai kanti. Darasin ya ƙara fitowa fili a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar aka kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, har zuwa watan Maris na 2024, domin a tsawon watannin nan caji da kayan gyara duk sun yi wuya. Ƙurar hunturu kuwa ita ce babbar abokiyar gaba, domin takan shiga gilashin da ke fita da komawa ta maƙale shi, ko ta sauka a kan sensa yayin canjin gilashi ta bar tabo a kowane hoto, shi ya sa mai hankali yakan zaɓi gilashi guda ya bar shi a ɗaure, ya riƙa aje kyamara a jaka mai rufi, nesa da zafin rana na bazara. Mai sayen ta hannu, a Kasuwar Dole ta Damagaram ko a Kano, ya kamata ya ɗauki hoton farin bango ya duba tabo, ya gwada filasha da caja, ya kuma tabbatar memorin da take ci irin SD ne wanda ake samu ko'ina, domin araha ba ta ado in kyamara ta zo da batirin da babu mai sayar da shi.

Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijar da Nijeriya a 2001, kuma daga baya ta haɗiye ƙaramar kyamara, har yawan kyamarorin dijital da kamfanonin Japan ke fitarwa ya faɗo daga kimanin miliyan 121 a 2010 zuwa ƙasa da miliyan 10 a 2020. Kamfanin Transsion na Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya ci kasuwar Afirka ne da dalilai da suka haɗa da batir mai daɗewa da kyamarar da aka daidaita don baƙar fata, wato ya gyara kuskuren da masu fim suka yi shekaru suna yi. Hukuma ma ta fara ɗaukar hotunan da take buƙata da kanta, kamar yadda aka gani a rajistar masu zaɓe ta zamani da hukumar zaɓen Nijar, CENI, ta gudanar gabanin zaɓen Disamba na 2020. Hukuncin gaskiya shi ne cewa waya mai kyau ta wadatar da mafi yawan mutane, kyamara ta musamman kuwa ta dace ne da wanda yake son ya koyi sarrafa haske da hannunsa, ko ya ɗauki hawan sallah da kokawa da dambe daga nesa, inda waya ke gazawa.

Yanzu ɗauka da gani sun zama abu guda, amma wanki ya kusa ɓacewa, kuma a nan ne haɗarin wannan zamani yake. Hoton da aka wanke a bokiti a shekarun gyaɗa yana nan a ƙasan adaka ko a bayan gilashi a bango, ya yi ja amma ana gane fuska, yayin da dubban hotunan da aka ɗauka da waya cikin shekaru goma da suka wuce suka tafi tare da wayar da aka sace, ko memorin da ya lalace, ko suka rage a matsayin kwafin da WhatsApp ya matse ya rage masa inganci. Matasan Guci da Dungas da Magarya da suka mallaki kyamara ko waya mai kyau su ne ke da ikon hana wannan asara, in suka riƙa wanke zaɓaɓɓun hotuna a takarda, suka rubuta suna da gari da shekara a bayan kowanne, suka aje kwafi a wuri biyu, sannan suka bi gidajen dattawa suka sake ɗaukar tsofaffin hotunan da ke hannunsu, suka tambaye su sunayen waɗanda ke ciki tun suna da rai.